Gajerun Waƙoƙin Daren Hunturu da Ɗumin Bayan Uwa

Daga wata ɗaliba 'yar Kebbe, aji biyu na babbar sakandare

Ina so in yi ɗan bayani a wannan fili game da waɗansu waƙoƙi da kowa daga cikinmu ya sha ji tun bai san kansa ba, amma kuwa da wuya ka tarar da su a littattafan da muke karantawa a aji. Waƙoƙin nan su ne na reno, watau 'yan gajerun waƙoƙin da uwa ko kaka ko yaya takan rera sa'ad da ta goya yaro ko ta rungume shi, musamman a daren ɗari.

A darasin adabi mukan karanta manyan waƙoƙi masu tsawo, irin su Imfiraji ta Malam Aliyu Namangi na Zariya, da waƙoƙin Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka haifa nan kusa da mu a Jega. Ƙasarmu kuwa ba baƙuwar waƙa ba ce, gama Muhammadu Buhari ɗan Shehu, wanda ya zauna a Tambuwal, shi ma mawaƙi ne. Duk wannan abin alfahari ne. To, amma akwai waƙar da ta riga waɗannan duka shiga kunnenmu, ita ce wadda ba ta wuce layi uku ko huɗu ba, ba ta da marubuci, ba ta da kalangu, sai dai tafin hannun uwa a gadon bayan ɗanta. Abin da nake so in nuna shi ne, wannan waƙa da ɗumin jikin mai rera ta aiki guda suke yi, kuma gajartarta tana da dalili.

Ɗarin hunturu a ƙasarmu

Bari mu fara da ɗarin kansa. Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari. Sanyi shi ne mai laima, irin na damina. Ɗari kuwa busasshe ne, shi ne mai tsattsaga leɓe da faso a dugadugi. Yakan zo ne tare da iskar hunturu, wadda take busowa daga arewa maso gabas, daga Hamadar Sahara, tun daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa wajen Fabrairu. Mafi yawan ƙurar da take zame mana hazo daga kwarin Bodele take tasowa, can arewacin ƙasar Cadi.

Abin mamaki a nan shi ne, da rana zafi yakan haura digiri 30, amma da asuba a watan Disamba da Janairu sai ya sauka zuwa wajen digiri 15, wani lokaci ma ƙasa da haka. Dalili kuwa, ƙasa takan sha zafin rana da yini, sa'an nan ta sake shi da dare. Da damina girgije da laimar iska sukan tare wannan zafi kamar murfi a kan tukunya. Da hunturu kuwa sama fayau take, iska kuma a bushe, saboda haka zafin sai ya tsere sama babu mai riƙe shi. Har wa yau, iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, shi ya sa takan gangara ta kwanta a kwari. Mutanen garuruwan da ke bakin Gulbin Zamfara, wanda ya biyo ta Gummi ya ratsa ƙasarmu ta Kebbe ya nufi Jega, sun san ɗarin fadama ya fi na tudu cizo.

Wani zai ce digiri 15 ai ba kome ba ne in aka gwada da ƙasashen da ƙanƙara take zuba. Gaskiya ne. Amma fa mu jikinmu ya saba da zafin bazara mai wuce digiri 40, ɗakunanmu kuma an gina su ne don su sha iska. Wanda ya kwana kan tabarma da zane ɗaya a watan Janairu ba sai an ba shi labari ba.

Me ya sa runguma take da ɗumi?

Iyayenmu na da sun yi dabaru da yawa na maganin ɗari. Akwai gwado da luru na saƙar hannu, akwai kaskon wuta, akwai kuma gadon ƙasa mai tsariya a ƙarƙashi inda ake zuba garwashi. Amma akwai wani bambanci da malamin kimiyya ya nuna mana, wanda ya kamata a lura da shi. Bargo ba ya ƙirƙiro zafi ko kaɗan. Iyakacin aikinsa shi ne ya tsare zafin da jikinka ya fitar kada iska ta kwashe. In ka lulluɓe dutse da bargo, gobe a sanyaye za ka same shi. Jikin mutum kuwa murhu ne mai rai, wanda abinci ne itacensa, kullum yana nan wajen digiri 37. Ke nan wanda ya rungume ka ya ba ka abu biyu: ya tare maka iska kamar bargo, ya kuma sammaka daga zafin jikinsa.

Babba yana iya jure ɗari, ya yi makyarkyata jikinsa ya ƙara zafi. Jariri sabon haihuwa bai iya wannan ba sosai. Ga shi fatarsa tana da faɗi in aka gwada da nauyinsa, kansa kuma babba ne, saboda haka zafi yakan fice masa da sauri. Ma'aikatan lafiya sun ce in zafin jikin jariri ya sauka ƙasa da digiri 36.5, to, sanyi ya fara kama shi, kuma hatsarin ya fi yawa ga bakwaini da wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba.

A shekarar 1978, a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, wani likita mai suna Edgar Rey ya ga jarirai bakwaini sun yi yawa a asibitinsu, kwalaben da ake sa su a ciki kuwa ba su isa ba. Sai ya sa uwaye su riƙa ɗora 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata, a ɗaure da zane, dare da rana. Aka kira wannan dabara renon kangaru, saboda wata dabbar ƙasar Ostareliya da take ɗaukar ɗanta cikin wata jaka a cikinta. Dabarar ta yi amfani ƙwarai, har a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a fara yi wa ƙananan jarirai haka nan take da haihuwa. Ashe abin da uwayenmu suke yi da zane da majanyi ɗan'uwan wannan ne na kusa. Bambancin kawai, ɗan ƙaramin jariri a ƙirji ake sa shi, inda uwa za ta riƙa ganin fuskarsa da numfashinsa, sai ya yi ƙwari sa'an nan ya koma baya. Lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Yadda waƙar reno take

To, ina waƙa ta shigo? Yaron da ke goye, kunnensa a manne yake da bayan uwarsa. In ta yi waƙa, da kunne yake jinta, da jiki ma yana jinta, don muryar takan girgiza ƙashin bayanta. Muryar nan kuwa ba baƙuwa ba ce gare shi, gama masana sun tabbatar ɗan tayi yakan fara jin sauti tun wajen wata na shida a ciki. Saboda haka ɗumi da jijjiga da murya sukan zo masa a dunƙule, bai san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara ba.

Da hutun da ya wuce na zauna da tsofaffin gidanmu da na maƙwabta na saurari irin waɗannan waƙoƙi, na kuwa lura da abubuwa guda huɗu da suka yi tarayya a kai.

Na farko, gajeru ne, kuma maimaita su ake yi. Mai goyo hannunta ba ya hutawa, ko tana daka, ko tana tankaɗe, ko tana hura wuta. Ba ta da takarda a gabanta. Dole waƙar ta zama wadda za a iya riƙewa a ka, har 'yar reno mai shekara bakwai ta ɗauke ta da ji ɗaya. Ban da haka, doguwar waƙa mai sabon zance a kowane baiti farkar da mai sauraro take yi, ita kuwa wannan so ake ta sa barci. Layi uku da aka zagaya sau ashirin sun fi baiti ashirin saurin kwantar da yaro. Babu wanda ya san tsawon waƙar reno sai yaron kansa, don ba ta ƙarewa sai wuyansa ya langaɓe.

Na biyu, karinta daga jiki yake fitowa. Marubutan waƙa suna auna baitocinsu da ma'aunin aruli, makaɗa suna bin ganga. Mai reno kuwa jijjigar ƙugunta da bubbugawar hannunta su ne gangarta. Da yaro yana tsala kuka takan fara da sauri da ƙarfi don ta rinjaye shi, yana lafawa tana sassautawa, har waƙar ta koma guna-guni a maƙogwaro.

Na uku, akwai gurbi a cikinta. Waƙa ɗaya ce a unguwa duka, amma kowace mace takan cusa sunan ɗanta ko laƙabinsa, da sunan kakansa, da sana'ar gidansu. Ɗan masunta da kifi za a yi masa alkawari, ɗan Fulani da nono, ɗan maƙera kuwa a yi masa kirarin wuta da ƙarfe. Ta haka yaro yake fara jin ko shi wane ne.

Na huɗu, ba kullum da yaron kaɗai ake magana ba. Akwai lallashi, akwai yabo, akwai alkawarin tsarabar kasuwa, akwai ɗan tsoratarwa da dodo ko kura. Amma wani lokaci in ka kasa kunne sai ka ji habaici ne ake yi wa kishiya, ko hannunka mai sanda ga maigidan da ya daɗe a ci-rani bai aiko ba. Jariri ba ya kai ƙara, saboda haka abin da mace ba ta iya faɗa a tsakar gida takan faɗa masa a waƙe.

Kunya da waƙa

A nan ne na ga babban amfanin waɗannan waƙoƙi. Mu mutane ne masu kunya. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Uba ba ya rungumar ɗansa da ya tasa, ko da ya shekara bai gan shi ba. Mu 'yan makarantar kwana mun san wannan sarai: ranar komawa makaranta, sai dai inna ta ƙulle miki ƙuli-ƙuli da yaji a leda, ta ce Allah ya tsare, ta juya ta shiga ɗaki da sauri. Wanda bai san mu ba sai ya zaci ƙauna ce babu. Tana nan, hanyar fitarta ce daban.

Hanya ɗaya ita ce ta kaka. Da an tashi yaye yaro, sau da yawa ɗakin kakarsa ake kai shi, ita kuwa babu kunya tsakaninta da jika. Namiji ta kira shi maigidanta, mace ta kira ta kishiya. Da yawa daga cikinmu a jikin kaka muka yi hunturunmu na uku da na huɗu, muna jin tatsuniya a gefen kasko, tatsuniyar ma da 'yar gajeruwar waƙarta a tsakiya. Hanya ta biyu ita ce waƙar reno kanta. Uwar da ba za ta iya duban ɗanta ta ce tana sonsa ba, ga ta nan da tsakar dare tana yi masa kirarin da ko sarki sai haka, ba wanda zai ce ta yi rashin kunya, don ai waƙa ce.

Kunya ado ce, ba na cewa a yar da ita. Amma yana da kyau mu tuna cewa ya zo a hadisi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban wani mutum mai 'ya'ya goma wanda bai taɓa sumbatar ko ɗaya daga cikinsu ba, ya kuwa nuna wa mutumin cewa jinƙai ne ya rasa. Ke nan jawo yaro a jiki ba abin aibu ba ne.

Wata ƙasa mai gajerun waƙoƙi

Kada wani ya raina waƙa don gajartarta. A ƙasar Japan akwai wani irin rubutacciyar waƙa da suke kira haiku. Layi uku ne kacal, gaɓa 17: biyar a na fari, bakwai a na biyu, biyar a na uku. Ƙa'idarta kuma sai an sa wata kalma da za ta nuna lokacin shekara, ko na sanyi ko na zafi. Babban gwaninta shi ne Matsuwo Basho, wanda ya rayu daga 1644 zuwa 1694. Akwai kuma Kobayashi Issa, wanda aka haifa a 1763 ya rasu a 1828, watau ya yi zamani da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi Issa mahaifiyarsa ta rasu yana ɗan ƙarami, kakarsa ce ta rene shi, waƙoƙinsa kuma cike suke da tausayin yara da ƙananan halittu. Mutanen Japan sun rubuta waɗannan 'yan layuka sun adana, yau ga shi ana karanta su a makarantun duniya.

Abin da na koya daga gare su shi ne, gajeruwar waƙa ba ta bayani, hoto ɗaya take ajiye maka ta tafi. Na gwada awon nasu da Hausa, ga abin da na samu:

Hazo ya sauka,
Kaza ta tara 'ya'ya
Cikin fiffike.

Ba a ambaci uwa ba, ba a ambaci ƙauna ba, amma ina fata mai karatu ya ji su. Wannan salo kuwa ya dace da mu masu kunya.

Mu ma mu gwada

Awonmu na gida ya fi mini daɗi a baki. Mun koya a aji cewa baiti yana iya zama ƙwar biyu, ko ƙwar uku, ko huɗu, ko biyar, kuma akwai ƙaramin amsa-amo na cikin baiti da babban amsa-amo na ƙarshen kowane baiti. Ga 'yan baitoci uku 'yan ƙwar huɗu da na tsara, kowane layi gaɓa takwas, babban amsa-amonsu kuwa "ri":

Hunturu ya zo da dare,
Ya iske ƙofa tokare,
Ɗan goyo na nan a ɗaure,
Bayan inna babu ɗari.

Baba bargo ne ya sawo,
Ga shi da kauri da tsawo,
Amma dai bai iya kawo
Ɗumin kaka da ke gari.

Almajiri ɗan ƙanƙane,
Zaure ya kwana ba zane,
Shi ma ɗan wata inna ne,
Wa zai tare masa ɗari?

Duk wanda yake so ya gwada, shawarata gare shi uku ce. Ya zaɓi abu ɗaya da idonsa ya gani ko fatarsa ta ji, kamar tururin koko da asuba ko ƙamshin hayaƙi a zanen kaka. Ya ƙidaya gaɓoɓinsa da yatsu. Sa'an nan ya rera da baki kafin ya rubuta, duk inda harshe ya yi tuntuɓe ya gyara.

Kira ga ɗalibai da iyaye

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, waɗannan waƙoƙi suna ƙarewa muna kallo. A gidaje da yawa yau, in yaro ya yi kuka waya ake kunna masa a miƙa. Waya tana da waƙa, amma ba ta da bayan da za a kwanta. Tsofaffin da suka riƙe waƙoƙin kuma kullum raguwa suke yi, kowace ta tafi da nata. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙinta sun iso mu ne don an rubuta su, jajis kuma sun haddace sun kai wa matan ƙauyuka. Na kakanninmu fa, wa zai rubuta?

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, hutu mai zuwa kowa ya sayi ɗan littafi, ya zauna gaban kakarsa ko gwaggonsa ya roƙe ta waƙar reno ko da uku. A rubuta yadda ta faɗa, da Hausarmu ta Sakkwato, kada a gyara mata. In ta ce "shina" a bar shi "shina", in ta ce "hwari" kada a mai da shi "fari", don in aka canja lafazi karin waƙar ya karye. A sa sunan garin da shekarar da aka ji ta. In muka tara na Kebbe da Kuci da Tambuwal da Dogon Daji da Jabo, ƙungiyar Hausa ta makarantarmu tana iya fitar da ɗan littafi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu kuwa, muna roƙo da ladabi. In tsohuwa ta ga jikarta da littafi tana tambaya, kada ta ce wasan yara ne. A kula da sababbin jarirai da ɗari, a sa musu hula, a jinkirta wanka sai rana ta ɗaga, ƙaramin cikinsu kuma a manna shi a ƙirji a garzaya da shi asibiti. Kada a kwana da garwashi a ɗaki rufe ruf, don yana fitar da wata iska marar wari mai kisa cikin barci. A tuna da mu da ke makarantar kwana da bargo da rigar sanyi kafin Disamba. A kuma tuna da waɗanda ba su da mai rungumarsu, watau marayu, da almajirai, da 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Tsohon bargon da ke ƙasan akwati yana iya zama wa wani yaro uwa ta dare ɗaya.

A nan zan dakata. Allah ya saka wa uwayenmu da kakanninmu da alheri bisa ɗawainiyar da suka yi da mu, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kuma kai mu bayan hunturu lafiya, amin.